Dariya Ba Hujja Ba Ce: Tsokaci a Kan Azancin Voltaire

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata wani ɗalibina ya kawo mini jingar da na ba su a kan zambo da habaici. A saman shafin farko ya ɗora wata magana cikin manyan baƙaƙe, wadda ke nuna cewa mutum yana iya ƙin ra'ayin abokin gardamarsa, amma kuma ya ba da ransa don kare masa 'yancin faɗin ra'ayin. A ƙarƙashinta ya rubuta sunan Voltaire. Da na tambaye shi littafin da ya ciro ta, sai ya ce ai a waya ya tsince ta, kuma kowa ya san ta Voltaire ce. Gaskiyar al'amari ita ce Voltaire bai taɓa rubuta wannan jimla ba. Wata marubuciyar Ingila mai suna Evelyn Beatrice Hall ce ta tsara ta a 1906, shekara 128 bayan mutuwarsa, a ƙoƙarinta na taƙaita halinsa cikin littafin da ta rubuta game da abokansa.

Ban ga laifin ɗalibin sosai ba, domin ni ma na sha faɗawa irin wannan rami. Magana mai azanci takan shiga zuciya ba tare da sallama ba, ta zauna daram kafin hankali ya tambaye ta daga ina take. Wannan shi ya sa na ga ya dace in yi tsokaci a kan mutumin da Turai ke ɗauka a matsayin sarkin masu azanci, domin mu amsa wata tambaya da ta shafi duk mai riƙe da alƙalami: idan magana ta ba mu dariya har muka gyaɗa kai, hakan ya isa ya nuna gaskiya ce? Kuma da wane ma'auni za a auna mai ba'a, a gane mai gyara daga mai ɓarna?

2.0 Wane ne Voltaire?

Sunansa na yanka François-Marie Arouet. An haife shi a birnin Paris na ƙasar Faransa a 1694, ya rasu a can a 1778 yana da shekara 83. Shi ya laƙaba wa kansa sunan Voltaire a 1718, kuma a bakin Faransawa sunan yana fita kamar a ce Bolter. Yana cikin jagororin abin da ake kira Zamanin Wayewar Kai, wato lokacin nan na ƙarni na 18 da masanan Turai suka dage a kan cewa dole a ɗora kowace al'ada da kowane iko bisa sikelin hankali. Ya yarda akwai Mahalicci, har ya gina coci a garin Ferney inda ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, amma ya ƙare shekarunsa yana faɗa da shugabannin cocin Katolika da alƙalan da ke amfani da addini wajen danne mutane.

Hausawa na cewa baki shi ke yanka wuya, kuma tun yana saurayi Voltaire ya ɗanɗani gaskiyar wannan. A 1717 aka jefa shi kurkukun Bastille, ya yi wata goma sha ɗaya saboda wasu baitocin zambo da aka jingina masa a kan mai riƙon sarautar Faransa. A 1726 wani ɗan sarauta daga gidan Rohan ya yi masa gori a kan sabon sunan da ya ɗauka. An ce ya mayar masa da martani cewa shi yanzu yake kafa nasa sunan, wancan kuwa rushe na gidansu yake yi. Ɗan sarautar bai sami abin faɗi ba, sai ya tura barorinsa suka lakaɗa masa duka a titi, shi kuma yana zaune cikin keken doki yana kallo. Manyan da Voltaire ke cin abinci a gidajensu ba wanda ya tsaya masa. Ƙarshenta shi aka sake kullewa, sannan aka kore shi zuwa Ingila. A nan ya koyi darasin da bai taɓa mantawa ba, cewa manya suna son mai ba su dariya, amma ba su ɗauke shi ɗan'uwa ba.

3.0 Yadda azancinsa ke aiki

Wanda ya karanci Voltaire da natsuwa zai ga dabararsa ɗaya ce a mafi yawan lokaci. Yakan ɗauki abin da jama'a suka saba da shi har suka daina ganin muninsa, ya faɗe shi cikin sanyin murya kamar baƙon da bai san komai ba, sai munin ya fito fili da kansa.

Alal misali, a cikin wasiƙun da ya rubuta game da Ingila, waɗanda suka fito da Faransanci a 1734, ya kwatanta kasuwar hannun jari ta Landan. Ya nuna yadda Bayahude da Musulmi da Kirista ke ciniki da juna cikin amana, kuma a wannan fage wanda ya ci bashi ya karye shi kaɗai ake wa kallon kafiri. Ya ƙara da lissafin cewa ƙasa mai ɗariƙa ɗaya tana cikin haɗarin mulkin danniya, mai biyu za su yi ta yanka juna, amma da yake Ingila tana da wajen talatin sai ga su zaune lafiya. Bai ambaci Faransa ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Hukumomin Paris sun gane saƙon, suka sa aka ƙone littafin a bainar jama'a.

Misali na biyu ya fi wannan ɗaci. A 1757 gwamnatin Ingila ta harbe wani babban hafsan jiragen ruwanta mai suna John Byng, bisa zargin bai yi iyakar ƙoƙarinsa ba a yaƙin tsibirin Minorca. Voltaire ya yi ƙoƙarin ceto shi, har ya aika masa da wasiƙar yabo daga kwamandan Faransa da ya yaƙe shi, amma a banza. Shekara biyu bayan haka, a cikin ƙagaggen labarinsa mai suna Candide, ya sa wani mutum ya yi wa tauraron labarin bayanin cewa a wannan ƙasa ana ganin alfanun kashe hafsa ɗaya lokaci-lokaci domin sauran su ƙara ƙwazo. Da wannan gatse guda ya tona abin da dogon sharhi zai sha wahala kafin ya tona, wato an yanka mutum ne don a rufe kunyar gwamnati.

A cikin littafin dai, Candide ya haɗu da wani bawa baƙar fata yashe a bakin hanya a ƙasar Surinam, ba hannu ɗaya, ba ƙafa ɗaya. Bawan ya bayyana masa cewa an yanke hannun ne da injin matse rake ya kama yatsansa, ƙafar kuma da ya yi yunƙurin gudu, kuma wannan shi ne kuɗin sukarin da ake sha a Turai. Duk Bafaranshen da ya karanta wannan shafi yana kurɓar shayinsa, da wuya sukarin ya sake yi masa zaƙi irin na da.

Haka nan ya bar wasu gajerun maganganu game da halin ɗan Adam waɗanda har yau ake yawo da su: cewa hankalin da ake cewa kowa na da shi ba kowa ke da shi ba, cewa neman abin da ya fi kyau yakan hana mutum amfana da mai kyan da ke hannunsa, da kuma gargaɗin da ya yi a 1765 cewa wanda ya iya sa ka gaskata shirme zai iya sa ka aikata zalunci. A wata wasiƙa ta 1767 ya ce addu'a ɗaya tak ya taɓa yi, ita ce Allah Ya mayar da maƙiyansa abin dariya, kuma an amsa masa.

4.0 Inda dariya ta fi ƙarfin hujja

Wannan addu'a tana da kyau a tsaya a kanta, domin ta fallasa ƙarfin makamin da kuma haɗarinsa. Bai roƙi a nuna maƙiyansa sun yi kuskure ba. Ya roƙi su zama abin dariya, alhali mai gaskiya ma yana iya zama abin dariya idan ya gamu da wanda ya fi shi baki.

Mu duba abin da ya faru tsakaninsa da masanin falsafar nan na Jamus, Leibniz. A littafinsa na 1710, Leibniz ya yi doguwar muhawara cewa tunda Mahalicci mai cikakken sani ne da cikakken alheri, to duniyar da Ya zaɓa Ya halitta ita ce mafi dacewa cikin dukkan duniyoyin da za su yiwu, ko da kuwa akwai wahala a cikinta. Ranar 1 ga Nuwamba 1755 girgizar ƙasa ta rushe birnin Lisbon na Fotugal da safiyar wani babban idin Kirista, lokacin da coci-coci ke cike da masu ibada, dubban mutane suka hallaka. Wannan ya girgiza Voltaire ƙwarai. Sai ya ƙirƙiro Pangloss, malamin Candide, wanda duk masifar da ta auko, yaƙi ne ko cuta ko rataya, sai ya nace cewa komai daidai yake tafiya. Turai ta yi dariya, kuma har yau mutane da yawa ta bakin Pangloss suka san Leibniz. Amma Leibniz bai taɓa cewa ba a shan wahala ba, kuma ya rasu tun 1716, ba shi da halin kare kansa. An kayar da mutum-mutuminsa, hujjarsa kuwa tana nan tana jiran mai amsa ta da hujja.

Wanda ya mayar da martani mai nauyi shi ne Jean-Jacques Rousseau. A wasiƙarsa ta 1756 ya tunatar da Voltaire cewa mutane ne suka cunkusa dubban gidaje masu hawa shida da bakwai a wuri ɗaya, don haka da hannunsu a yawan asarar. Ya kuma lura da cewa Voltaire, mai dukiya da ɗaukaka, shi ke ganin duniya duk sharri ce, shi kuwa matalauci mai fama da ciwo fatan rahama ne ke riƙe da shi. Masana bala'o'i na yau sun fi kusa da Rousseau a batun gine-gine. Duk da haka abin da jama'a suka fi riƙewa daga rigimar mutanen biyu shi ne ba'ar da Voltaire ya yi masa a 1755, cewa karanta littafinsa na sa mutum ya ji sha'awar komawa tafiya da ƙafa huɗu.

Dalilin haka a fili yake. Hujja tana bukatar lokaci da haƙuri, kuma tana barin ƙofa a buɗe don a musanta ta. Ba'a kuwa nan take take biyan mai sauraro ladansa, ta sa ya ji shi ma yana cikin masu wayo. Wanda ya riga ya yi dariya ya ɗauki ɓangare ke nan, kuma da wuya ya dawo ya ce dariyarsa kuskure ce.

5.0 Inda harshen ya sari marar ƙarfi

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani. Alƙalamin da ya rubuta labarin bawan Surinam shi ne ya rubuta, a babban littafinsa na tarihin al'ummai na 1756, cewa baƙar fata wani jinsi ne dabam wanda basirarsa ba ta kai ta Bature ba. Ya faɗi haka da irin gwanintar da yake faɗin komai, ba tare da ya taɓa taka ƙasar Afirka ba. Ya kuma zuba jari a kamfanin cinikin Indiya na Faransa, wanda fataucin bayi na cikin harkokinsa. Maganganunsa a kan Yahudawa sun yi munin da har wani masani Bayahude mai suna Isaac de Pinto ya rubuta masa raddi a 1762. Talakawan ƙasarsa ma ba su tsira ba, domin a wata wasiƙa ta 1763 ya yaba wa wani mai tsara ilimi saboda ya ƙi goyon bayan karantar da 'ya'yan manoma.

Sai kuma wasan kwaikwayon da aka fara nunawa a 1741, wanda a cikinsa ya ci zarafin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da labarin da shi kansa ya san ƙagagge ne. Manazarta da yawa suna ganin tsattsauran ra'ayin limaman ƙasarsa yake nufi, sai ya ji tsoron ambatonsu. Idan haka ne, to an bar jaki ana dukan taiki. Daga baya ya rubuta yabo ga ilimi da sassaucin daulolin Musulmi, amma wannan bai wanke wancan ba. Wanda ya yi wa wasu ƙage don ya kuɓuta daga fushin na kusa da shi ya aikata irin zaluncin da yake ikirarin yaƙa.

A nan al'adarmu tana da abin koyarwa. Bahaushe ya san ba'a, ya kuma yi mata shinge. Wasan da ke tsakanin taubasai, ko tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, sharaɗinsa shi ne wanda aka tsokana yana nan, kuma yana da cikakken ikon ramawa. Da zarar an cire wannan sharaɗi wasa ya koma cin mutunci. Mai riƙon sarautar Faransa yana da kurkuku, gidan Rohan suna da barori da sanduna, saboda haka ba'ar da Voltaire ya yi musu jarunta ce. Mutumin Afirka da aka ɗaure a cikin jirgi ba shi da ko ɗaya, bai ma san ana maganarsa ba. Azancin iri ɗaya ne a wuraren biyu, abin da ya bambanta shi ne wanda saran ya faɗa wa.

6.0 Ranar da dariya ta kasa

To me ya sa duk da wannan ake girmama shi? Amsar tana birnin Toulouse. A watan Oktoba na 1761 aka tsinci gawar wani saurayi, Marc-Antoine Calas, a gidansu. Mahaifinsa Jean Calas ɗan kasuwar tufafi ne mabiyin ɗariƙar Furotesta a gari mai rinjayen Katolika. Jita-jita ta bazu cewa ya kashe ɗansa ne don ya hana shi sauya ɗariƙa. Ba tare da ƙwaƙƙwarar shaida ba kotu ta yanke masa hukuncin kisa, aka azabtar da shi, aka kakkarya gaɓoɓinsa a kan gargare ranar 10 ga Maris 1762. Har ya cika bai daina cewa ba shi da laifi ba.

Voltaire yana da shekara 67 a lokacin, ga dukiya, ga suna, yana zaune lafiya a Ferney kusa da iyakar Suwizalan. Bai san iyalin ba, kuma da farko ya ɗauka zargin gaskiya ne. Da ya bincika ya gane an yi zalunci, sai ya ɗauki lamarin a ka. Ya jawo 'ya'yan mamacin a jiki, ya tallafa wa matarsa, ya nemi lauyoyi, ya tara kuɗi, ya rubuta wasiƙu ga duk mai faɗa a ji da ya sani a Turai, sannan ya wallafa littafinsa kan haƙuri da bambancin addini a 1763. Shekara uku aka yi ana wannan fama. A watan Maris na 1765 aka wanke Jean Calas daga laifi, Sarki Louis na 15 ya ba iyalin kuɗin tallafi. Gatse bai isa ya yi wannan aiki ba. Abin da ya yi shi shi ne tattara shaida, da kashe kuɗi, da naci.

Akwai kuma darasi na biyu mai ɗaci. A 1766, a garin Abbeville, aka fille kan wani matashi mai suna La Barre bisa zargin saɓo, ciki har da ƙin cire hula ga jerin gwanon addini. Aka ƙone gawarsa tare da kwafin ƙamus ɗin falsafa na Voltaire da aka samu a ɗakinsa. Marubucin yana can bakin iyaka, ya saba fitar da littattafansa da sunayen aro yana musanta cewa nasa ne, Candide ma cewa aka yi fassara ce daga Jamusanci. Yaron da ya karanta shi ne wuta ta ci. Voltaire ya yi ta rubutu don a wanke sunansa, amma magana zarar bunu ce, kuma ba kullum mai zarar ne rufin ke faɗo wa ba.

7.0 Naɗewa

Daga abin da ya gabata ana iya cewa azanci shaida ne na kaifin basira da saurin tunani, amma ba ya shaidar gaskiya, ba ya kuma shaidar kyan hali. Mutum ɗaya ya yi amfani da shi ya tona asirin masu kashe hafsa don rufe kunya, ya kuma yi amfani da shi ya ƙasƙantar da al'ummar da bai sani ba. Saboda haka idan magana ta burge mu, wajibi ne bayan dariyar mu tambaya: a kan wa ta faɗa, yana da bakin ramawa? Shin an amsa hujjarsa ko kuwa kamanninsa kawai aka kwaikwaya? Kuma mai maganar, wane aiki ya biyo bayan maganarsa?

Wannan ba kira ba ne a bar ba'a. Da wasa ake faɗa wa wawa magana, kuma inda aka toshe bakin mai nasiha sau da yawa habaici ne kaɗai ƙofar da ta rage. Ɗalibai masu rubuta waƙa da wasan kwaikwayo a wannan mujalla suna da haƙƙin wasa wannan wuƙa. Abin da nake roƙonsu shi ne su san inda suke sara, su kuma tuna cewa da Voltaire ya koma Paris a 1778 bayan kusan shekara 28 yana nesa da ita, an yi masa gagarumar tarba a gidan wasan kwaikwayo, amma a titi talakawa da sunan mai ceton iyalin Calas suke nuna shi.

Shi kuwa ɗalibina, na mayar masa da jingarsa na ce ya je ya nemo asalin maganar da ya ɗora a sama. Bayan mako guda ya dawo da sunan Evelyn Beatrice Hall da shekarar 1906, ya kuma tambaye ni ko ya cire maganar tunda ba ta Voltaire ba ce. Na ce ya bar ta, ya gyara sunan, sannan ya ƙara shafi ɗaya ya bayyana mini ko shi kansa ya yarda da ita, da kuma dalilinsa.